Baba Saje Ya Ce In Sake Ta

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tafi yin golmo da sifana. In kai ba ɗan ƙasar Zuru ba ne, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da yake nema, shi da abokansa. A zamanin kakanninmu shekaru ake kwashewa ana yi kafin a ba ka mata. Yanzu abin ya yi sauƙi sosai, amma har gobe akwai dattawan da in ba su ga guminka ya ɗiga a gonarsu ba, ko a jirgin sama ka zo ba za su kalle ka a mijin aure ba. Mahaifin Rahila, wanda kowa ke kira Baba Saje saboda ya yi soja, yana sahun gaba a cikinsu.

Ni kuwa a bariki aka haife ni, a Kano, inda babana ya yi aiki. Na tashi ban san yadda ake riƙe fartanya ba. C'lela, yarenmu, iyakacina gaisuwa da "na ƙoshi". Da na dawo gida na buɗe rumfar gyaran babura a Rikoto, abu biyu nake taƙama da su, hannuna da bakina. Hannun dai ba laifi in na yi taƙama da shi, don 'yan acaɓa har daga Ribah suke turo mini babur, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo da ƙorafi ba. Bakin ne matsalar. Hausata irin ta masu karanta labarai a rediyo ce, kuma na san da haka. In na ji mutanenmu sun karya wata kalma sai bakina ya yi ta ƙaiƙayi har sai na gyara musu (Allah Ya yafe mini, har fasto na taɓa tsarewa a ƙofar coci na gyara masa wa'azi).

Sau biyu manyana suna zuwa gidan Baba Saje kan maganar Rahila, sau biyu yana ba su ruwa da kujera, ya ce yana dubawa. Shekara guda cur yana dubawa. Rahila ta gaya mini a ɓoye cewa ba ƙina yake yi ba, kawai ya kasa gane yadda namiji mai hannu biyu zai ce bai iya huɗa ba. An sa ranar Lahadi bayan coci manyana za su koma karo na uku, kuma kawuna ya faɗa mini ƙarara cewa daga wannan ba zai ƙara taka gidan ba, shi ma dattijo ne, yana da mutuncinsa.

Ana saura kwana uku sai ga saƙo ta bakin Rahila. Ran Asabar za a kwaso dawa daga gona, kuma sarƙar Kwaɗo tana yawan faɗuwa, Baba ya ce in ina da hali in zo in duba.

Bari in gaya maka waye Kwaɗo. Wani tsohon babur ne mai ƙafa uku, amma ba irin keken ɗaukar fasinja da ka sani ba. Taya ɗaya gaba, biyu baya, dukansu ƙattai masu kumburi, shi ya sa aka sa masa sunan. Da igiya ake tada shi kamar janareto, totur ɗinsa kuma da babban yatsa ake dannawa. Baba ya saye shi a gwanjo lokacin da wani aikin gona na turawa ya tashi, tun Rahila ba ta fara tafiya ba. Ya ƙera masa ɗan amalanke yana ɗaurawa a baya, da shi yake kai taki gona, da shi yake kwaso amfani. Ba ya bari kowa ya taɓa shi. 'Ya'yansa maza ma sai dai su wanke. Saboda haka da na ji an ce in zo in duba, na san wannan ba gyara ba ne, jarrabawa ce, kuma a fannin da na fi kowa iyawa aka kawo ta. Har rawa na taka a rumfa.

Na gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ni golmona da sifana zan yi. Na gayyaci Dauda, ɗan kawuna, da abokai shida don su taya ɗaukar dammuna, su kuma zama shaidu. Na sa sabuwar rigar aikina fara sol, wadda tela ya rubuta wa INJINIYA a baya da jan zare (ni na ce ya ƙara girman haruffan). Wane bakanike ne mai hankali yake sa farar riga? Ni ne.

Gonar tana bayan dutse, sai an gangara an tsallake wani ɗan rafi. Mun isa da hantsi, mun tarar mata sun riga sun fara tara dammuna. Na durƙusa na gaida Baba, ya amsa a taƙaice, ya nuna mini Kwaɗo da haɓa, ya ja wani dutse ya zauna kusa, ya harɗe hannuwa.

Gaskiya da na leƙa ƙarƙashinsa sai da na sosa ƙeya, don ban taɓa kwance irinsa ba. A babur mai ƙafa biyu notin tayar baya kake sassautawa, ka ja tayar, shi ke nan. Shi wannan ƙarfe ɗaya ne dogo ya haɗa tayoyin baya, sarƙar kuma tana rufe cikin wani akwatin ƙarfe, sai ɗan rami da aka toshe da roba inda ake zura yatsa. Amma inji inji ne. Na bi shi da ido na ɗan lokaci, na gano noti huɗu da suka riƙe gidan ƙarfen, da wani noti ɗaya a can baya wanda in ka murɗa shi yake jan komai baya. Cikin minti goma na gane abin da ba wanda ya koya mini, kuma har yau ina alfahari da wannan.

Na sassauta huɗun, na zura yatsa na ji sarƙar tana lilo, na murɗa na bayan har ta miƙe. Na ƙara kaɗan don ta yi kyau. Sannan na ja da baya na ce Baba ya taɓa ya ji.

Ya taso, ya zura yatsa, ya danna. Ya ce, "Sake ta kaɗan."

To, a nan ne Hausar rediyo ta kashe ni. Ka san kalmar nan fuska biyu gare ta. Akwai sake da ake jan bakinta, wato a maimaita, a ƙara yi. Akwai kuma sake ta sakin abu, a sassauta shi, a bar shi ya huta. A rubuce ba ka raba su, a baki ma sai mai kunne. Ni kuwa na riga na yanke wa Baba hukunci tun kafin ya buɗe baki: tsohon soja ne, komai nasa a ɗaure yake tamau, daga igiyar takalmi har fuska. Me irin wannan mutum zai nema in ba ƙari ba? Na ce, "To, Baba," na kama sifana na ƙara murɗawa.

Ya sake zura yatsa. Ya dube ni, ya dubi sifanar. Ya ce, "Sake ta." Na ce a raina, kai, tsohon nan akwai son aiki mai kyau, irina ne. Na ƙara zagaye guda da rabi.

Ka tambaye ni me ya hana in tambaya. Na farko, kunya, don ba a ja-in-ja da suruki, balle wanda bai gama zama surukin ba. Na biyu kuma, wanda shi ne na gaskiya, ni da nake gyara wa fasto Hausa, yaya za a yi in buɗe baki gaban Dauda in ce ban gane Hausar manomi ba? Na hango Rahila daga inda take ɗaure dami tana ta girgiza mini kai tana buɗe tafin hannu. Na ɗauka jinjina take yi mini, har na ɗan ɗaga mata sifana.

Karo na uku Baba bai ma zura yatsan sosai ba, don ba inda zai shiga. Sarƙar ta miƙe ta yi tauri, in ka taɓa ta har ƙara take kamar tsirkiyar gurmi. Ya ce a hankali, yana raba kalmomin, "Na ce, ka sake ta." Na tattara ƙarfina na ƙara rabin zagaye, notin yana kuka ina kuka, na ɗaure huɗun, na miƙe ina share gumi. Na gaya masa cewa iyakarta ke nan, ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai wuce haka ba.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya koma kan dutsensa ya ce, "To. Kai ne injiniya."

Wallahi na ji daɗin maganar nan. Na juya don mata su ga bayan rigata.

Aka loda amalanke da dammuna har ya yi tozo. Da Baba ne zai tuƙa, amma sai ya ce tunda ni na gyara, ni zan fara kaiwa. Dauda ya dafa ni ya ce ai magana ta ƙare, mutumin da bai taɓa ba ɗan cikinsa tuƙi ba ya ba ni. Na ja igiya sau ɗaya Kwaɗo ya tashi. Na hau, na gyara zama, na danna totur. Tun a fili na ji wani gurnani daga ƙasa, wu-wu-wu, yana zuwa yana tafiya. Kunnen bakanike ya ji, ya kuma san ba lafiya ba, amma mai farar riga ya ce sabon gyara ne, zai zauna.

Na gangara, na tsallake rafin lafiya, na fara hawan tudun da ke ɗaya gefen. Kowa ya tsaya yana kallo, har da mutanen gonar maƙwabta. Ina tsakiyar hawa na ƙara wuta don in burge. Sai ji na yi tau! kamar an harba bindiga a ƙarƙashina. Inji ya yi ihu shi kaɗai, tayoyi suka daina ja, muka tsaya cak na ɗan lokaci, sannan muka fara komawa da baya.

Akwai birki a ƙarƙashin ƙafata ta dama. Na san da shi, ni da nake gyara birki kullum. Amma jikina ya saba da acaɓa, sai kawai na sauke ƙafafu biyu ƙasa wai zan tare. Ka taɓa ganin mutum yana tare babur da amalanke da dammunan dawa da silifa? Haka suka ja ni, ina tirjewa ina tafiya, har amalanken ya karkace ya kife a bakin rafi. Kwaɗo ya tsaya a kan ƙafafunsa uku ko gezau. Ni ne na wuce ta gefe na sauka da baya cikin taɓo, dami guda ya biyo ni ya zauna mini a ciki.

Ina kwance ina kallon sama, ina roƙon Allah Ya sa na karye, ko a samu abin tausayi a ciki. Ko ƙwarzane ban yi ba. Can na ji wata mata ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sai sauran suka bi. Dauda, ɗan'uwana na jini, wanda na saya wa shayi da burodi da safen nan, har da zama a ƙasa yana riƙe ciki.

Baba ya gangaro ba gaggawa. Ya ɗage damin daga kaina, ya tambaya ko na ji ciwo, na ce a'a. Ya buɗe akwatin sarƙar, ya zaro ta a tsinke, ya riƙe ta a hannu yana dubawa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mama, mahaifiyar Rahila, ita ce ta matso da tausayi. Ta ce, "Ɗana, me ya sa ba ka jin magana? Sau uku fa yana ce maka ka sake ta."

Na ce, "Mama, ai na sake. Sau uku na sake."

Rahila ba ta taɓa yi mini magana a gaban mahaifinta ba sai ranar. Kanta a ƙasa, kamar da taɓon take magana, ta ce, "Cewa ya yi ka sassauta."

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Kunya ce tsantsa, irin wadda take sa kunne zafi. Da a ce injin ne ya fi ƙarfina da sauƙi, sai in ce ban saba da shi ba. Amma Hausa ce ta kayar da ni, a gaban mutanen da na shekara ina yi wa dariyar Hausa. (Har yau muna musu da Rahila. Ni na ce Baba ya ja bakin kalmar, ita ta ce daidai ya faɗa, kunnena ne ya cika da kaina. Na bar mata, don akwai shaidu.)

Zuciyata ta ce in hau babur ɗina in gudu Rikoto, in rufe rumfa, in koma Kano. Na tsaya ne kawai don na dubi dammunan da ke warwatse, biyu a cikin ruwa, na tuna cewa wannan abincin gidan ne na shekara, kuma ni na zubar. Na cire farar rigar, wadda ta riga ta koma kalar kunun kanwa, na rataye a reshe. Na tsamo jiƙaƙƙun na shanya a kan dutse. Sauran na fara ɗauka a ka ina hawa tudun da su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin dami yana da nauyi haka ba, wuyana har wani ƙara yake. Da su Dauda suka ga da gaske nake, dariyar ta ƙare, suka kama.

Da muka gama na dawo wurin sarƙar. A mahaɗinta ta tsinke, ƙwaya ɗaya kuma ta murɗe. Irinta ba a samu a Zuru, ta fi ta acaɓa kauri. Na zazzage akwatin kayana a ƙasa, Allah Ya taimake ni na samu guntuwar sarƙar wani babban babur da na taɓa gyarawa, na gwada, ta yi daidai. Ba teburi, ba wuta, dutse ne maƙerata. Na fitar da ƙusar ƙwayar da ta lalace da guduma da ɗan ƙarfe, na sa sabuwa, na daddake kanta a hankali har ta zauna tana juyawa ba ta cijewa. Ya ɗauke ni fiye da awa guda a rana. Baba yana tsaye a kaina tun daga farko har ƙarshe, kuma na lura da lokacin da ya sauke hannuwansa daga ƙirji ya tsuguna don ya ga yadda nake yi.

Da na mayar da ita, ban taɓa notin baya ba. Na miƙa masa sifanar da hannu biyu na ce, "Baba, nuna mini."

Bai karɓa ba. Ya sa su Dauda suka ɗaga bayan Kwaɗo aka tokare da dutse, ya ce in zura yatsa a ramin, shi kuma ya riƙa juya taya a hankali. Sai na ji abin mamaki: sarƙar tana saki, tana saki, sai ta zo wani wuri ta ɗaure, sannan ta ƙara saki. Ya bayyana mini cewa tsohuwar sarƙa ba ta cinyewa daidai, wani gefe ya fi wani miƙewa. In ka auna ta inda take lilo ka ɗaure, to in wuri mai taurin ya zagayo ba shi da inda zai je. Sai an nemo inda ta fi tauri, a nan ake aunawa, a bar mata wasa kamar gaɓar yatsa ɗaya. Na san wannan a ka, ubangidana ya taɓa faɗa mini ina koyon aiki, amma sarƙoƙin acaɓa ba sa tsufa haka kafin a canza su, sai na manta.

Na saita ta yadda ya ce, ya zura yatsa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Yana miƙewa ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, shi ma ya taɓa tsinka ta a kan tudun nan, shekarar da ya saye shi. Bambancin kawai, in ji shi, shi ba kowa a wurin.

Sawu biyar na yi da Kwaɗo ranar, da singileti, ba gurnani ba faɗuwa. A sawun ƙarshe Baba da kansa ya hau kan dammunan a baya na kai shi har ƙofar gida, mutane suna leƙowa suna kallo. Rumbu ya cika kafin la'asar. Amma da na durƙusa zan yi sallama, "sai gobe" kawai ya ce, ban iya karanta komai a fuskarsa ba.

Ran Lahadi manyana suka tafi, ni ina rumfa ina goge sifanar da ba ta da datti. Labarin faɗuwata ya riga ya zaga coci, har wata tsohuwa ta tambaye ni ya jikin injiniya. Can sai ga Dauda a guje, wai Baba ya ce ba zai yi magana ba sai ina wurin. Na tafi, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Baba ya gaya wa kawuna cewa yaron nan bai iya noma ba, kuma kunnensa yana da matsala. Kawuna ya sunkuyar da kai. Ya ci gaba da cewa amma ya ga mutum ya ɓata abu a gaban jama'a, bai gudu ba, bai ɗora wa kowa ba, ya tsaya ya gyara, kuma hannunsa yana da kyau. Shi wannan ya ishe shi golmo. Sannan ya juyo gare ni.

"Na ba ka Rahila. Amma buɗe kunnenka da kyau, ɗan Kano, don wannan karon sau ɗaya zan faɗa. Kada ka sake ta."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har kawuna yana share hawaye. Ni ban yi dariya ba. Idona ne ya cika, na ce, "Na ji, Baba. Wannan na gane ta."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. In dattijo ya maimaita maka magana sau uku, kai kuma kana ta yin abu ɗaya, to ajiye sifana ka tambaya, ko da kai ka rubuta ƙamus. Na daina gyara wa mutane Hausa, sai dai babur. Kwaɗo yana nan da ransa, kuma duk faɗin ƙasar Zuru ni kaɗai Baba ke bari in taɓa shi, ina faɗin haka da baki cike. Rahila ma tana nan, ga ta can tana jin ina ba ka labarin tana hararata. Ban sake ta ba, kuma ban sake ba.